Babi na Biyar: Mai Walda a Kan Dandamali

A titin Sauchiehall da ke tsakiyar birnin Glasgow an taɓa yin wani gidan wasa mai suna Empire, wanda 'yan barkwancin Ingila kan ji sunansa gabansu ya faɗi. Maƙabartarsu ake ce masa. Daren Juma'a da Asabar, ma'aikata sun karɓi albashin mako, sun biya ta mashaya, sai su cika kujerun sama su zauna jiran wanda zai fito. Mawaƙin da ya zo daga Amurka hannu biyu ake karɓarsa. Amma ɗan barkwanci ya taso daga Landan da lafazin kudu, in bai taki sa'a ba, ihu ne zai sauko da shi tun bai kai rabin wasansa ba. Ba ƙin dariya mutanen Glasgow suke yi ba. A ƙoshe suke da ita tun daga gida. Kowa a garin gani yake ya fi na kan dandamali iya magana, kuma sau da yawa gaskiyarsa ne. An rufe gidan a 1963.

A wannan shekarar akwai wani saurayi ɗan shekara 20 a ƙetaren Kogin Clyde, a unguwar Linthouse, yana koyon walda a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Alexander Stephen and Sons. Sunansa Billy Connolly. Shekara 12 bayan haka da wuya a sami gidan da ba a san shi ba a Birtaniya. Da tashar Channel 4 ta jera gwanaye 100 na barkwancin tsaye, wato sana'ar nan ta mutum ɗaya da makirufo ɗaya a gaban taro, shi ya zo na ɗaya a 2007, ya kuma sake zuwa na ɗaya a 2010. Amma a ganina Connolly bai ƙago wani sabon abin dariya ba. Hirar da talakawan garinsu suke yi tun kafin a haife shi ya ɗauko, bai wanke ta ba, bai sa mata kwat ba, ya hau dandamali da ita.

Kafin zuwansa, ɗan barkwanci a Birtaniya kamarsa ɗaya ce. Zai fito cikin baƙar kwat, ya jero gajerun labarai ɗaya bayan ɗaya: na surukuwa, na wawan ɗan Ailan, na baƙin da suka zo daga Pakistan. Yawancinsu saye ake yi a hannun marubuta ko a tsinto a bakin wani, don haka labarin da aka ji yau a wajen wannan, gobe za a ji shi a wajen wancan. Ɗan Sikotland kuwa, in yana so a karɓe shi a waje, sai ya bi sawun Harry Lauder, ya ɗaura siket ɗin gargajiya, ya riƙe karkatacciyar sanda, ya yi wasan marowacin ɗan ƙauye. Akwai 'yan kaɗan da suka kauce wa wannan hanya, irin su Chic Murray ɗan garin Greenock, wanda Connolly ya sha faɗin cewa shi ne gwaninsa. Amma babu wanda ya tsaya a gaban Birtaniya duka ya yi magana da ainihin bakin ma'aikacin Clyde.

An haife shi ranar 24 ga Nuwamba 1942 a titin Dover da ke unguwar Anderston, a irin dogayen gidajen hayar nan na dutse inda iyalai da yawa suke hawa matakala ɗaya. Danginsa 'yan Katolika ne masu tushe a Ailan, a garin da rabuwar Katolika da Furotesta ta shiga makaranta, ta shiga neman aiki, ta shiga har ƙwallo: Celtic ta Katolika, Rangers ta Furotesta. Mahaifinsa yana rundunar sojan sama a Bama, fagen nan da dubban sojojin Afirka ta Yamma, har da Hausawa da yawa, suka yi yaƙi a lokacin. Mahaifiyarsa yarinya ce ƙarama, ga 'ya'ya biyu, ga miji ya yi nisa. Billy yana wajen shekara huɗu ta fita ta bar shi da yayarsa Florence, ba ta dawo ba. Gwaggwanninsa biyu, Mona da Margaret, suka ɗauke su zuwa unguwar Partick.

Riƙon bai yi daɗi ba. Mona ta gallaza masa da duka da wulaƙanci, tana nanata masa cewa shi daƙiƙi ne. A makaranta bulalar fata ce ke jiransa. Mahaifin da ya dawo daga yaƙi baƙo ne a gare shi, kuma daga shekara 10 zuwa 15 uban nan ya yi ta lalata da ɗan cikinsa. Wannan magana Connolly ya binne ta a ciki fiye da shekara 30. Na kawo ta tun yanzu ne domin duk abin da zai biyo baya a kanta aka gina shi, ko da yake masu kallonsa na farko ba su sani ba. Wurin da yaron ya samu sa'ida shi ne laburaren unguwa. Ya sha cewa littattafai ne suka fara nuna masa akwai wata duniya a bayan Partick.

Ya bar makaranta yana da shekara 15. Ya yi aikin kai saƙo a kantin littattafai, ya yi rabon burodi, sannan ya samu gurbin koyon sana'a na shekara biyar a ma'aikatar Stephen. A nan ne ya yi karatunsa na gaske.

Sai an san Clyde na wancan zamani kafin a gane abin da ya ɗauko. Kafin Yaƙin Duniya na Farko, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jiragen ruwan duniya a bakin wannan kogi ake ƙera su. A nan aka ƙera Queen Mary, a nan aka ƙera QE2. Da jiniyar safe ta yi kuka dubban maza za su kwarara ta ƙofa, a rufe. Aikin na kasada ne: mai walda yana kwance a ƙuntataccen ƙasan jirgi cikin hayaƙi, ko yana tsaye a kan katako can sama, ƙurar asbestos tana zuba a kansa, wadda daga baya ta ci huhun da yawa daga cikinsu. Ƙarar guduma ta kurumtar da tsofaffi. To, a cikin wannan wahala, da lokacin shan shayi ya yi, sai a kewaye wuta da gwangwanayen shayi, a buɗe hira. Kowace ƙungiya tana da gwaninta. Wanda ya taɓa zama a majalisar unguwa ya san irinsu: mutumin da in ya soma ba da labarin yadda ya je sayen takalmi, kowa sai ya ajiye abin da ke hannunsa. Ba su da wani barkwanci da suka haddace. Shugaban aiki suke kwaikwayo, da limamin coci, da matar gida, da maƙwabcin da ya yi tatul daren Asabar, da ashar da komai. Connolly ya ce waɗannan mutane su ne suka fi kowa ban dariya a duk waɗanda ya sani, kuma daga gare su ya koyi cewa ba labarin ne abin dariya ba, mai ba da shi ne.

Da ya gama koyon sana'a, a 1966, ya karɓi aikin mako 10 a Najeriya, wajen haɗa dandamalin haƙar mai a yankin kudu maso gabas, shekara guda kafin a ayyana Biyafara. Ya koma gida ya ɗan taɓa aiki a ma'aikatar John Brown, amma zuciyarsa ta riga ta bar walda. Ya kamu da son banjo, kayan kiɗan nan mai tsirkiya da ƙoƙon fata wanda bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka samar a ƙetaren Tekun Atlantika. Yana ta cewa zai ajiye aiki in an yi hutun bazara. Wani dattijon mai walda ya ja shi gefe ya ce masa in dai yana ɗagawa to ba zai taɓa tafiya ba, kuma babu abin tausayi kamar tsohon da ya san ya samu ƙofa ya ƙi fita. Ya fita. 'Yan shekaru bayan haka ma'aikatar Stephen ta daina ƙera jirage.

Mawaƙi ya so zama, ba ɗan barkwanci ba. Shi da Tam Harvey suka kafa ƙungiyar Humblebums, suna zagaya ƙananan kulob-kulob na waƙoƙin gargajiya. A 1969 Gerry Rafferty ya shigo, kuma nan take Connolly ya gane ya haɗu da wanda ya fi shi baiwar waƙa nesa ba kusa ba. Shi kuma nasa rabon yana tsakanin waƙa da waƙa. Zai tsaya ya gabatar da wadda za a yi, sai gabatarwar ta ja, ta haifi wani labari, jama'a suna ta dariya, Rafferty yana zaune da jita yana jira. Gabatarwa ta yi ta tsawo, waƙa tana gajarta, har suka rabu a 1971. Rafferty ya tafi ya yi suna da waƙarsa Baker Street. Connolly kuwa, Nat Joseph mai kamfanin faifai na Transatlantic ne ya ba shi shawarar ya riƙe maganar, ya mai da kiɗan ɗan rakiya.

Wannan hanya da ya biyo ita ta bambanta shi da kowa. Bai taɓa koyon dokokin sana'ar ba, domin bai shigo ta ƙofarta ba. A kulob ɗin waƙar gargajiya ba a ƙirga dariya nawa ka samu a minti ɗaya, ba mai korar ka don ka ɗauki minti 10 kana shimfiɗa. Ya fito da doguwar suma da gemu da tufafi masu ɗaukar ido, daga baya har da wasu takalma masu siffar ayaba da aka ɗinka masa a 1975, waɗanda suka zama kayan tarihi a gidan People's Palace na Glasgow. Mutanen garin suka laƙaba masa Big Yin, wato ƙato.

A 1972 ya kai wasan Great Northern Welly Boat Show bikin Edinburgh, wanda shi da Tom Buchan suka tsara a kan boren ma'aikatan jiragen Clyde na 1971, lokacin da aka ce za a rufe ma'aikatun, su kuma suka ƙi fita suka ci gaba da aiki ƙarƙashin jagorancin su Jimmy Reid. Sai faifan Solo Concert na 1974, wanda aka naɗa a wani otal a garin Airdrie. Shi ya mai da shi sarki a Sikotland, kuma shi ya jawo masa rigimarsa ta farko. A cikinsa akwai dogon labari da ya ɗauko kwanakin ƙarshe na Annabi Isa, alaihis salam, kamar yadda Kiristoci suke ba da su, ya maido su wata mashaya a unguwar Gallowgate, almajiran suna magana da bakin 'yan Glasgow. Wani fasto mai suna Jack Glass ya shafe shekaru yana bin sa da zanga-zanga a ƙofar wuraren wasansa. Ni ban ga abin dariya a taɓa annabi ba, kuma na san mai karatu, Musulmi ne ko Kirista, ba zai gani ba. Abin da zan iya yi shi ne in faɗi dalilin da ya sa faifan ya shiga gidajen ma'aikata haka. Mutanen da tun suna yara aka koya musu cewa harshensu na titi ne, bai cancanci coci ko aji ko rediyo ba, sai ga shi sun ji shi a wurin da ba a taɓa barin sa ya shiga ba. Akwai kuma fushin yaron da aka yi wa duka da sunan addini. Wannan bai wanke labarin ba a wurina, amma ya nuna inda ya fito.

Daren da ya canza komai ya zo a farkon 1975, a shirin hira na Michael Parkinson a talabijin ɗin BBC. Manajansa ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya ba da wani labari da ya sani. Ya ba da shi. Labarin wani ne da ya kashe matarsa ya binne ta a bayan gida, ya bar mazaunanta a waje, da abokinsa ya tambaye shi dalili sai ya ce yana bukatar wurin jingine keke. Labari ne mummuna, kuma yau da wuya a bar shi ya wuce. Sai dai abin lura shi ne yadda ya gabatar da shi: ya ce wani ne ya tare shi a titi ya ba shi. Bai fito a matsayin mai fasaha ba, ya fito a matsayin ɗan aiken garinsu. Parkinson ya yi dariya har ya kasa magana, kashegari ƙasa duka ta ɗauka. Sau 15 ya fito a wannan shiri, fiye da kowane baƙo. A ƙarshen shekarar, kwaikwayon da ya yi wa wata waƙar Tammy Wynette ya hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin Birtaniya.

A wannan shekarar ya yi abin da nake ganin ya fi shirin Parkinson nuna ko wane ne shi. A watan Yuli 'yan bindiga sun tare motar mawaƙan Miami Showband a Ailan ta Arewa sun kashe uku daga cikinsu, kuma yawancin masu wasa daga waje sun ƙaurace wa Belfast. Connolly, ɗan Katolika daga garin da ke da irin wannan rabuwa, ya je. An ɗauki tafiyar a fim mai suna Big Banana Feet. Akwai inda wani ya miƙo masa furen wardi daga cikin taro, ya karɓa ya duba shi, ya yi ƙarar fashewar bom da baki, zauren ya kece da dariya. Mutanen da suke kwana suna tashi da tsoron bom ne suka yi wannan dariya, kuma sun yi ta ne domin ya zo ya tsaya a cikinsu kafin ya taɓa abin.

Yadda yake aiki ya cancanci a tsaya a kansa, domin har yau masu sana'ar suna mamakinsa. Ba ya rubuta wasa. Takarda ce 'yar ƙarama a kan kujera kusa da kofin ruwa, da 'yan kalmomi a jere don tuni, kuma sau da yawa ba ya kai rabinsu. Zai yi awa biyu ko fiye a tsaye. Zai ɗauko labari, yana tsakiyarsa wani abu ya faɗo masa, ya saki na farko ya bi na biyu, na biyu ya kai shi na uku, mai kallo ya fid da rai, can bayan minti 20 sai ga shi ya dawo daidai inda ya tsaya. Yakan yi wa kansa dariya har ya dafa gwiwa, abin da tsofaffin sana'ar suke ɗauka aibi ne, amma a wajensa shaida ce cewa shi ma yanzu yake jin abin. Ashar kuwa kamar numfashi take a bakinsa, ya kuma ƙi yarda cewa ƙarancin kalmomi ke sa mutum yin ta.

Abubuwan da yake magana a kai ƙanana ne, na jiki da na gida: tusa, banɗakin jirgin sama, tsufa, maye, kunyar zuwa wajen likita. Ɗauki labarin tafiyar 'yan makaranta zuwa Aberdeen, inda aka tura yara su yi wanka a Tekun Arewa mai sanyin ƙanƙara, sanye da wandon wanka da aka saƙa musu da ulu, wanda in ya sha ruwa sai ya yi nauyi ya sauko. A takarda babu komai a ciki. A bakinsa kuwa sai ka ga yaron yana taka ruwan, ka ji ihun da ya yi da sanyi ya kai masa ƙugu, ka ga malamin yana tsaye a gaɓa cikin babbar riga yana ba da umarni. Talauci ne yake bayyanawa, amma ba da neman tausayi ba, ba kuma da raini ba. Wanda ya tashi cikin rashi yakan fita daga wasansa yana jin cewa rayuwarsa ma abin ba da labari ce.

Suna ya zo da nasa nauyin. A 1976 ya bi Elton John zagayen Amurka yana buɗe masa wasa, Amurkawa ba su gane ko kalma ɗaya ba, har jifa ya sha. Giya ta kama shi sosai, aurensa na farko da Iris Pressagh ya mutu. A 1979 ya haɗu da Pamela Stephenson, 'yar wasan barkwanci da daga baya ta zama likitar halayyar ɗan Adam. A ƙarshen Disamba 1985 ya ajiye kwalba bai sake ɗauka ba, suka yi aure a Fiji a 1989. A 1985 ɗin ne kuma ya yi shirin An Audience with Billy Connolly, wanda da yawa suke ɗauka shi ne ƙololuwar wasansa. Amurka ta buɗe masa ƙofa a 1990, bayan ya fito tare da Whoopi Goldberg a tashar HBO, ya samu gurbi a shirin Head of the Class. Sai fina-finai: Mrs Brown a 1997 tare da Judi Dench, inda ya nuna ya iya wasan da ba na dariya ba, da The Last Samurai, da muryar sarki a Brave. Sai shirye-shiryen tafiye-tafiye, tun daga zagayen Sikotland na 1994.

A gida kuwa ba kowa ya ji daɗi ba. Jaridun Sikotland sun daɗe suna caccakarsa: ya koma Amurka, ya daina sha, yana abota da 'ya'yan sarauta, ya manta inda ya fito. Shi ma bai raga musu ba, ya kuma ƙara wa wutar fetur da ya raina sabuwar majalisar dokokin Sikotland. Ina ganin an zalunce shi a nan. Wanda sana'arsa ita ce faɗin abin da ya gani da idonsa ba zai kai shekara 50 yana ba da labarin walda kamar jiya ya ajiye ta ba. Da ya yi haka da ya zama maƙaryaci, kuma gaskiyar murya ita ce kaɗai jarinsa.

A 2001 Pamela ta wallafa tarihinsa mai suna Billy, a nan duniya ta ji abin da mahaifinsa ya yi masa. Sai bayan mutuwar uban ya iya gaya wa ita kanta matar. Littafin ya sayu ƙwarai, kuma ya sa mutane suka koma suka saurari tsofaffin faifansa da wani kunne. Gwaggon da ake dariyarta, malamin da ake kwaikwayo, duk ga su nan, ashe abin da ya fi ciwo ne kawai ya cire. A al'ummar da namiji ba ya buɗe baki a kan irin wannan, ƙaton da kowa yake ƙauna ya fito ya ce an yi masa, kuma ba laifinsa ba ne. Ban san wani wasa nasa da ya kai wannan amfani ba.

Bakin da ba shi da linzami wata rana zai yi ɓarna. A Oktoba 2004, a wani wasa a Landan, ya taɓa maganar Ken Bigley, injiniyan Liverpool da ake garkuwa da shi a Iraƙi, wanda aka kashe kwanaki kaɗan bayan haka. Wasu a cikin taron suka yi masa ihu. Ya ce an juya maganarsa. Ko da an juya, iyalin mutumin suna zaune suna jiran labari a wannan dare, kuma bai je ya tsaya a cikinsu ba kamar yadda ya yi wa mutanen Belfast.

Waɗanda suka biyo bayansa sun tarar da hanya a share. Kevin Bridges, ɗan Clydebank da aka haifa a 1986, ya fara wasa yana da shekara 17, yau kuma yana cika babban zauren Hydro na Glasgow darare a jere ba tare da ya sassauta lafazinsa ba. Frankie Boyle da marigayiya Janey Godley kowa da salonsa, amma babu wanda aka ce wa ya gyara bakinsa kafin a ba shi makirufo. Har a Ingila, salon ba da dogon labari daga rayuwar kai ya zama shi ne sana'ar, jeren gajerun barkwanci ya koma gefe.

Wani likita ɗan Ostireliya ne ya fara lura. Ya ga tafiyarsa a harabar wani otal a Los Angeles, ya matso ya ce masa ya je a duba shi, yana ganin alamun cutar Parkinson. A 2013 aka tabbatar, a lokaci guda da sankarar furostet. An yi masa tiyata an cire sankarar. Ɗayar kuwa ba ta da magani, sai dai a rage mata gudu. Bai tsaya ba. Ya fita zagayen High Horse, kuma tun a farkon wasa yakan gaya wa jama'a abin da ke damunsa don kada su shagala da kallon hannunsa na hagu, wanda ya ce yakan ɗago da kansa kamar yana riƙe da rigar ruwan da ba a gani. Mutumin da a da yake zagaye dandamali kamar guguwa ya koma tsayuwa wuri ɗaya, amma zaurukan suna cika. A 2017 ya yi wasanninsa na ƙarshe. A shekarar aka ba shi sarautar Sir, birnin Glasgow kuma ya sa aka zana manyan hotunansa uku a bangon gine-gine, daga ayyukan John Byrne da Jack Vettriano da Rachel Maclean, don cikarsa shekara 75.

A ƙarshen 2018 ya sanar da ajiye sana'ar. Dalilin da ya bayar daga baya ya dace da yadda yake aiki: cutar ta canza yadda ƙwaƙwalwarsa take tafiya, kuma wanda ba ya rubuta wasa, wanda yake sakin labari uku a iska ya dawo ya kama su, ba shi da abin dogaro sai ita. Ɗan barkwancin da ya haddace jerinsa zai iya ci gaba, shi ba zai iya ba. Ya koma Florida da zama saboda ɗumin wurin, ya mai da hankali ga zane, wanda ya fara a 2007 kuma ake baje kolinsa tun 2012. Hukumar BAFTA ta ba shi lambarta mafi girma a 2022. Tarihin rayuwarsa, Windswept & Interesting, ya fito a 2021, lokacin da hannunsa ya riga ya gaza riƙe alƙalami yadda ya kamata, don haka da baki ya faɗe shi, aka naɗa, aka mayar da shi rubutu.